Abin da Ya Ci Motar Alhaji Zubair

Maharazu taubashina ne, ɗan Gwaggo Tasalla ƙanwar mahaifina, don haka duk abin da zan faɗa a kansa ina da izinin faɗarsa tun ranar suna. Ni 'yar namiji ce, shi ɗan mace, bawana ke nan, ko da yake bawan nan bai taɓa ɗauke mini ko tulu ba. A Tsiga aka haife mu, a Tsiga muka yi furfura. Shi mai walda ne a bakin kasuwa, ƙarƙashin wata rumfar kwano da ta karkace tun ina goyon fari, har yau bai miƙe ta ba. Ni kuwa Mansura mai ƙuli-ƙuli, kullum idan na sauke kasko sai na leƙa gidansu in ga yadda Gwaggo ta wuni.

Ban taɓa ganin mutum mai sanyin jiki kamar Maharazu ba. Ka kai masa garmar shanu da ta tsage, sai ya ajiye ta gabansa ya yi ta kallo har ka fara tunanin ko barci ya kwashe shi. Sannan ya ɗauko wata 'yar gudumarsa mai ƙotar aduwa, ya ƙwanƙwasa nan, ya kasa kunne, ya ƙwanƙwasa can. Manoma su yi ta ƙorafi, wani ma ya ɗauke kayansa cikin fushi ya tafi Bakori, amma baɗi za ka gan shi ya dawo yana sosa ƙeya. Amalanke, injin niƙa, ƙofar shago, murhun gawayi, babu abin da bai liƙa ba a garin nan. Idanunsa kullum jajur saboda walƙiyar walda, tabaraunsa kuwa da zaren lilo aka ɗaure hannunsa guda. Matarsa Mero ta ce tun da ya aure ta bai taɓa ɗaga mata murya ba, na ce ina ya ga muryar da zai ɗaga.

Mahaifin Maharazu, Alhaji Zubair, direba ne. Ya so ɗan nan ya gaje shi, har ya koya masa tuƙi bayan ya gama firamare, amma abin bai yiwu ba. Ana cikin tafiya Maharazu zai ji wani ɗan ƙara da babu wanda ya ji sai shi, ya tsaya a gefen hanya, ya shige ƙarƙashin mota, fasinjoji na zufa suna zagi. Daga ƙarshe Alhaji ya kama hannunsa ya kai shi wurin wani mai walda a Funtua, ya ce tun da ƙarƙashin mota yake so, ga shi nan.

Motar ita ce Fijo 404, a-kori-kura, fara. Alhaji ya saye ta a shekarun da auduga ke da daraja, ta yi ta jigilar auduga zuwa Funtua, dawa da masara zuwa Malumfashi, kayan amare, ragunan layya, mata masu naƙuda. A unguwarmu da wuya ka sami gidan da ba ta taɓa tsayawa a ƙofarsa ba. Da Allah ya yi wa Alhaji rasuwa, ta ɗan ƙara yin aiki a hannun wani direba, sai ta fara ciwon yau da na gobe, aka tura ta cikin filin da ake ɗaure shanun noma a bayan ɗakin Gwaggo, aka jawo ƙofar kwano aka rufe. Tayoyi suka sace, kaji suka sami wurin ƙwai. Yaran da aka haifa bayan haka har sun yi aure ba su taɓa ganin ta motsa ba.

Gwaggo ce kaɗai ba ta ɗauke ta a matsayin gawa ba. Takan sa a share gefenta, a goge gilashin. Da hadari ya fara haɗuwa sai ta sa a lulluɓe ta da tamfol, a danne gefe da duwatsu, ba za a yaye ba sai an ci sabuwar gyaɗa. Ita ce kuma ta kawo dabarar da kowa ya yaba: a riƙa ajiye takin zamani a bayan motar. Ɗakin ajiya yana yoyo, zaure kuwa kowa na wucewa, amma abin da aka sa a motar Malam (haka take kiran marigayi mijinta), in ji ta, babu mai ƙarfin halin taɓawa. Haka kuwa aka yi. Duk shekara buhunan yuriya da kamfa su kwana nan tun daga bazara har a gama ba masara taki na biyu, ragowar da aka buɗe kuma ta yi baƙunta har wata daminar. Maƙwabta ma suka riƙa kawo nasu. Ni da kaina na sha ajiye na gonar gyaɗata a can, ina sa wa Gwaggo albarka.

Wan Maharazu, Alhaji Awaisu, ɗan farin Gwaggo, hatsi yake saye da sayarwa a Funtua. Ba mugu ba ne, Allah ya sani, shi ke ɗauke da nauyin gidan, amma mutum ne da ba ya son ganin abu a zaune. Da ya zo gaisuwar ƙaramar Salla ya tara mu a tsakar gida, ya ce yana son gina sito a filin nan, kuma 'yan gwangwan sun daɗe suna yi masa maganar motar. Za su yanka ta gunduwa-gunduwa su auna a sikeli su kwashe. Gwaggo tana zaune a kan tabarmarta tana jan carbi. Ita ta tsohon zamani ce, ko sunan ɗan fari ba ta kamawa, balle ta yi musu da shi a gaban mutane. Sai dai na ga carbin ya tsaya a hannunta.

Sai muka ji Maharazu ya yi gyaran murya. Har na waiwaya in ga ko baƙo ne ya shigo.

"Yaya, a ba ni ita in gwada."

"Ka gwada me, Maharazu? Wannan ai ta zama ɗakin kaji."

"A dai ba ni zuwa kaka."

Alhaji Awaisu ya yi dariya, ba ta raini ba. Ya ce, "To, na ji. Ranar da aka ɓare masarar babbar gona, ka cika ta kamar yadda Baba ke cika ta, ta kawo kayan nan ƙofar gida da ƙafarta. In ta kawo, taka ce, in nemi wani wurin in yi sitona. In ba ta kawo ba, kada in ji wata magana."

"Na yarda, Yaya."

Washegari ya kwashe takin zuwa ɗakin Mero, ya yaye tamfol, ya haƙa rami a ƙarƙashin motar daidai tsayinsa a durƙushe. Ya ɗaga ta da jak ya ɗora a kan gumagumai, da suka kasa ya ɗauke tsohon turmin Gwaggo ya cike da shi. Injin bai dame shi ba, ya bar wa abokinsa Maiwada makanike. Abin da ya dame shi shi ne shasi, wato dogayen ƙarafan nan biyu da suka miƙe a ƙarƙashi, waɗanda duk nauyin mota da kayanta ke kansu. Ya shiga ramin da 'yar gudumarsa. Daga gaba ƙarfen yana amsawa ƙal-ƙal, gwanin daɗi. Yana matsowa baya sai sautin ya mutu, ya koma fuf-fuf, tsatsa tana zubo masa a ka kamar ƙanzo. Wani wurin ma gudumar shigewa ta yi gaba ɗaya.

Na same shi ran nan zaune a bakin ramin, fuska da gemu duk ja.

"Bawana, ko an binne ka ne ka tono kanka?"

Ya miƙo mini wani ɓallin ƙarfe da farin abu ya daskare a jikinsa, ya ce, "Mansura, gwangwanin da kike ɗibar taki da shi a gona, damina nawa yake yi miki?"

"Ina ya ga damina? Kafin a yi huɗa ya huje."

"To, shi ne nan."

Nan na gane. Takin nan yana jan laima, ya narke, ya tsiyaye ta cikin buhu, ya bi tsagar daɓen motar ya sauka a kan ƙarfe. Tamfol kuma ya hana iska shiga ta busar. Gaban motar da babu wanda ya kula da shi yana nan garau, bayanta da aka yi ta tattali shi ne ya ruɓe. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ni idan raina ya ɓaci bakina ba ya zama. Na miƙe zan shiga in faɗa, ba don in ci fuskar Gwaggo ba, don dai kowa ya sani a daina.

"Ke," in ji shi. "Dawo."

Tun muna yara bai taɓa ce mini "ke" da wannan murya ba. Na dawo.

"In kika faɗa mata, kin kashe ta da ranta. Ita a saninta gadi take yi."

Da yamma Gwaggo ta sa aka kira shi, ta ce, "Me ya ci ta haka, Maharazu? Na ga ana ta fitar da jar ƙasa a kwando."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Shekaru ne, Inna, da damina."

Ta ce, "Allah sarki. Da ban rufe ta ba kuwa da tuni ta narke."

Ya ce, "Haka ne, Inna." Ni kuwa na cije leɓe na shiga kicin.

Daga nan aikin ya kama. Lokacin ne kuma manoma suka yi masa ca da garmar shanu da amalanke, don haka sai bayan la'asar yake samun kansa, ya turo injin waldarsa da janareto a baro ya shigo gida. Kafin ya yanke komai sai da ya gitta wasu ƙarafa ya ɗaure shasin don kada ya murɗe, ya ja zare daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya sake ja daga ɗaya ɓangaren, har zaren biyu suka zo daidai. Sannan ya riƙa yanke ruɓaɓɓen wurin kaɗan-kaɗan, yana ƙwanƙwasawa, ba ya tsayawa sai ya kai inda ƙarfe ke amsawa. Duk ramin da ya buɗe sai ya manna masa kwalin taliya, ya zana, ya yanke da almakashin Mero, kwalin ya zama ma'aunin facin da zai sa. Walda kuwa ba ya yin ta a jere. Ya ɗiga nan, ya tsallaka can ya ɗiga, ya zauna ya jira ƙarfe ya huce, wai zafi in ya taru wuri ɗaya yana lanƙwasa abu. Na ce da shi da wannan tafiyar hawainiya sai dai jikokinsa su ɗauko masarar.

Ƙarfen facin ne ya ba shi wahala. Ya je Funtua ya zagaya wurin masu tsofaffin kayan mota, duk abin da ya samu ko sirara ne ko shi ma tsatsa ta riga shi. Ya dawo hannu rabbana. Bayan kwana biyu na bi ta kasuwa, na ga rumfarsa wayam, yana tsugune a ƙasa yana liƙa wa wani kaskon injin niƙa. Teburin aikinsa, wanda maigidansa na Funtua ya ba shi ranar da ya yaye shi, wanda aka yi da shasin tsohuwar gingimari, babu shi. Ya yanka shi. Mero ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba, kuma ina bayanta, domin mutumin da gwiwarsa ke ƙara idan ya tashi daga sujada bai kamata ya koma aikin tsugune ba. Shi dai cewa ya yi ƙarfen yana da kauri daidai.

Maiwada ya ga yadda kwanaki ke tafiya, masara har ta fara fitar da gemu, ya ce, "Malam Maharazu, ka wahalar da kanka da yawa. Ka liƙa kwano a sauran wuraren, a shafe, a bi da baƙin fenti. Alhaji zai shiga rami da babbar riga ne ya duba?"

Maharazu ya ce, "Ai ba Yaya zai hau ba. Mutane za su hau."

Ruwa ya sha cika ramin, ya kwashe da bokiti ya ci gaba. Gwaggo ta sa aka matso mata da tabarma bakin taga, tana jin ƙarar injin gurza tana gyangyaɗi. Ranar da Maiwada ya tayar da injin motar, hayaƙi ya turnuƙe gidan, kaji suka watse, yara suka yi ta ihu. Gwaggo ta toshe hanci da mayafi ta ce a yi a hankali kada a tayar wa maƙwabta da tari. Da ya gama walda ya shafa jan fenti, ya ɗura baƙin mai a cikin ƙarafan ta kowace kafa har yana ɗiga, ya sauke ta daga kan gumaguman, ya mayar wa Gwaggo turminta da tabon mai a baki.

Ranar da aka gama ɓarar masara na bi matan gidan zuwa babbar gona, wai taya aiki, alhali ganin ƙwaƙwaf ne ya kai ni. Motar ta zo da ƙafarta, tana tafe tana rangaji a kan kunyoyi, mutanen gonakin kusa suka bar aikinsu suka taho kallo. Aka fara lodi. Buhu na hawa buhu, ana kabbara ana dariya, har kaya ya kai kan ƙarfen da ke bayan gidan direba, inda Alhaji Zubair ke tsayar da nasa. Ana neman igiya sai Maharazu ya ce a dakata. Ya kwanta a ƙasa ya ja jiki ya shige da 'yar gudumarsa.

Ya daɗe. Da ya fito bai kalli kowa ba, ya ce a sauke.

Na ja shi gefe na ce, "Facinka ne ya saki?"

"Facin yana nan. Gaba da shi ne, inda sifirin ya kama ta hagu. Tsohon ƙarfe ne, na buga shi tun farkon aiki ya amsa mini, na bar shi. Yanzu da nauyi ya hau ya fara sunkuyawa, fenti ya tsage."

"Ba za ta kai gida ba?"

"Za ta kai."

"To, me kake jira? Daga nan zuwa gida ko tuwo bai huce ba! Ka lallaɓa ta, ka cika sharaɗin, gobe ka gyara abinka a tsanake!"

"In ta kai da wannan kaya, Mansura, bayanta ya karye ke nan. Wanda ya lanƙwashe da kaya a kansa ba ya miƙewa."

"In ka sauke kuma 'yan gwangwan su yanka ta. Wanne ya fi?"

Ya goge hannunsa a riga ya ce, "Su dai su yanka. Ban da ni."

Na zage shi, zagin da ya wuce na taubasantaka. Na ce masa wawa, na ce ya yanka teburinsa a banza, ya ci amanar gwiwoyinsa a banza. Ya tsaya yana ji har na gaji. Aka sauke kusan rabin kayan aka jingine a gindin ɗorawa. Na shiga gaban motar na zauna cike da haushi, na juya masa ƙeya, hawaye na zubo mini ina sharewa da gefen zane.

Mun shigo gari an fito daga sallar la'asar. A hawan nan na kusa da masallaci ya sauya giya, motar ta yi wani gurnani ta haye, ta gangaro layinmu. Alhaji Awaisu yana zaune a kan benci a ƙofar gida. Can gaba kaɗan ga motar 'yan gwangwan a tsaye, mutum biyu sun jingina da ita suna cin rake. Kallo ɗaya Alhaji ya yi wa bayan motar ya ga inda kayan suka tsaya.

Maharazu ya kashe inji ya fito, ya russuna, ya miƙa masa makulli.

"Yaya, rabi ta ɗauko."

Alhaji ya ɗago hannu zai karɓa ke nan sai muka ji takun sanda a cikin zaure. Gwaggo ce. Ta fi shekara ba ta taka zauren nan ba, sai ga ta tana dafa bango, mayafi a karkace, buta cike da ruwa a hannunta, fuskarta a sake kamar ta yarinya. Tana waiwaye tana kira.

"Mero! Ke Mero, shimfiɗa buzu, a kawo fura. Ga Malam nan ya dawo."

Ta sha jin injin nan yana ƙara a bayan ɗakinta tun da Maiwada ya tayar da shi, bai ce mata komai ba. Amma ba ta ji shi yana tahowa daga nesa ba, da la'asar, yana hawan masallaci da kaya a bayansa, sai ran nan.

Ta iso bakin ƙofa ta tsaya. Ta dubi motar, ta dubi kujerar direba, ta dubi 'ya'yanta biyu, masu furfura duka. Muna kallo murmushin ya bar fuskarta a hankali. Ta sunkuya ta dubi butar da ke hannunta.

"Au," ta ce. "Ku ne."

Babu wanda ya motsa. Alhaji Awaisu ya sauke hannunsa bai taɓa makullin ba. Ya tashi ya ƙarasa wurinta, ya durƙusa a ƙasa da farar shaddarsa, ya karɓi butar da hannu biyu. Ya daɗe a haka, kansa a ƙasa. Da ya miƙe ya ɗaga wa masu raken nan hannu ya ce su yi haƙuri, Allah ya ba su a wani wurin. Sannan ya juyo, muryarsa a dishe.

"Maharazu, shigar da motar ciki. Gobe ka koma ka kwaso sauran."